Tambayi Kawu Bakanike: Garantin da ke bin mutum har gida

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ina zaune a Kolombus ta jihar Ohayo a Amurka, ina haya da mota a Uber. Bara na sayi Toyota Camry ƙirar 2019 a hannun wani dila, yanzu ta ci mil 71,000. Makon jiya sai ga wasiƙa da jan rubutu, wai sanarwar ƙarshe ce, garantin motata na gab da ƙarewa. Har ƙirar motar da shekararta sun rubuta daidai. Da na kira lambar, wata mata ta ce in ba da dala 295 nan take, sauran dala 3,100 in biya cikin wata 24, su kuma duk abin da ya lalace a motar nasu ne. Na ce zan yi shawara, ta ce farashin na yau ne kaɗai. Kawu, motar nan ita ce gonata. In biya?

Ɗanka a Kolombus

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka biya ko sisi.

Ƙaryar tana cikin layin farko na wasiƙar. A Amurka, Toyota na ba sabuwar mota garanti kashi biyu: na jiki gaba ɗaya shekara 3 ko mil 36,000, na inji da giya shekara 5 ko mil 60,000, duk wanda ya riga cika. Kuma lissafin daga ranar da mai ita na farko ya karɓi mukulli yake farawa. Motarka ta wuce duka biyun. Abin da ya mutu har an yi sadakar arba'in, ta yaya zai zama yana gab da ƙarewa? Sanin ƙirar motarka kuwa kada ya ruɗe ka, sunayen masu mota da adireshinsu haja ce da ake saye da sayarwa a can. Toyota ba ta san da wasiƙar nan ba.

Abin da matar ke talla ma ba garanti ba ne. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta sha faɗa cewa sunansa yarjejeniyar gyara. Garanti alkawarin wanda ya ƙera motar ne, kuɗinsa na cikin farashinta. Wannan kuwa wani ne can daban, wanda bai taɓa ganin motarka ba, yake karɓar kuɗinka a kan zai biya wasu gyare-gyare da shi da kansa ya zaɓa ya rubuta.

Sana'ar ta daɗe tana wari. Kamfanin US Fidelis na jihar Misuri ya cika talabijin da talla, ya karye a 2010 da kuɗin mutane a hannunsa, 'yan'uwa biyun da suka mallake shi suka ƙare a gidan yari. A 2022 babban lauyan jiharku ta Ohayo, Dave Yost, ya maka wani gungun masu kiran waya suna tallan irin wannan garanti a kotu, hukumar sadarwa ta FCC ta umarci kamfanonin waya su toshe layukansu, a Agustan 2023 kuma ta ci su tarar kusan dala miliyan 300. Cikin wata uku kacal na 2021 sun buga kira fiye da biliyan 5. Har CarShield, kamfanin da kake gani a talabijin yana tallan irin wannan takarda, sai da ya amince ya biya dala miliyan 10 a 2024, bayan FTC ta zarge shi da talla mai ruɗarwa.

To mu ɗauka ma kamfanin na gaske ne, yana da ofis da lasisi. Kai dai ba zai amfane ka ba, saboda kalma ɗaya da ka rubuto mini: Uber. Galibin takardun nan sun cire motar haya daga ciki, sai in an ƙara wani kuɗi na musamman an rubuta shi ɓaro-ɓaro. Matar ta tambaye ka aikin da kake yi da motar? Na san ba ta tambaya ba. Ranar da giya ta tsaya ne za su tambaya, idan suka ga yawan mil ɗin da ka ci a wata shida da tambarin Uber a gilashi.

Shekarun da na yi ina riƙe da sifana a wani gareji a birnin Hustan na Amurka, na ga irin wannan da idona. Wani bawan Allah ya kawo mota a kan janwe, inji ya buga, yana ta murmushi yana kaɗa takarda a hannu, wai ai yana da garanti. Muka kira kamfanin. Suka ce kada a taɓa komai sai mai dubawarsu ya zo. Kwana tara motar na rufe mana wuri. Da ya zo, wani siririn mutum da kyamara a wuya, ya ce a buɗe injin, kuma kuɗin buɗewa a wuyan mai mota yake in ba su amince ba. Muka buɗe. Ya sa yatsa ya lakato baƙin mai da ya daskare kamar kwalta, ya ɗauki hoto, ya ce ina rasit ɗin juye? Mutumin nan da kansa yake juye a bayan gida, bai taɓa ajiye ko guntun takarda ba. Shi ke nan, shari'a ta ƙare. Ya biya buɗewa, ya biya inji, kuma wata na ƙarewa aka sake cire masa kuɗin garanti daga banki.

Ƙofofin zillewarsu ke nan, kuma suna da yawa. Birki, kuloci, taya da batir ba sa ciki, wai kayan da ke cinyewa ne. Ciwon da ya riga takardar zuwa ba ya ciki, kuma su ke yanke hukuncin yaushe ya fara. Yawanci sai ka yi kwana 30 da mil 1,000 kafin ta fara aiki. Lagireto ya tsiyaye mota ta yi zafi gaskit ya ƙone, sai su ce sakacinka ne da ba ka tsaya ba. Kowane zuwa gareji kuma akwai wani kaso da za ka fara biya daga aljihunka.

Ban ce duk haramun ne a kasuwance ba. Wanda ya sayi BMW ko Range Rover da ta fara tsufa, inda gyara ɗaya kan lashe albashin wata biyu, yana iya samun sauƙi da tsarin da kamfanin motar da kansa ke sayarwa ta hannun dilolinsa. Ko shi ma a yi ciniki, don dila na ɗora riba mai kauri a kai, kuma a karɓi takardar a je gida a karanta shafin abubuwan da ba a biya kafin na waɗanda ake biya. Ta fuskar addini kuwa malamai sun yi magana a kan garar, wato rashin tabbas, da ke cikin irin wannan ciniki, musamman wanda aka saya daban da motar. Wannan ba fagena ba ne, ka tuntuɓi limaminku.

Amma Camry? Haba ɗana. Dala 3,395 suke nema, kusan 140 ke nan kowane wata. Buɗe asusu daban ka riƙa zuba wannan kuɗin, ka yi juye a kan lokaci, ka ajiye kowane rasit a aljihun mota. In ta lalace ka gyara inda kake so ba tare da jiran mai kyamara ba, in ba ta lalace ba kuɗinka na nan. Idan kuma ka riga ka faɗa wa matar lambar katinka, kira bankinka yau su canza shi, ka kai ƙara shafin FTC na intanet.

Tambaya: Kawu barka da aiki. Wani dila a nan Kano yana son sayar mini da Honda Accord tokumbo. Ya nuna mini takardar ƙarin garanti da ta zo a cikin motar, wai saura shekara biyu, har ya ɗora kuɗi saboda ita. Tana da amfani?

'Yarka a Hotoro

Amsa: Yauwa 'yata. Takardar nan ba ta ƙetare teku. Da sunan mai motar na can aka yi ta, a garejin Amurka ko Kanada take aiki, kuma in motar ta fito daga gwanjon masu hatsari irin Copart ko IAA, to tun ranar da inshora ta yanke cewa ta tashi daga aiki garantin ya faɗi. Ki ce wa dilan ya cire abin da ya ɗora. Ki sa a duba lambar casis, mai haruffa da lambobi 17, a ga tarihin motar. Ki kuma sa ta a shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci da hanyoyi ta Amurka, domin tsofaffin Honda da yawa na cikin waɗanda aka yi wa kiranye saboda jakar iska ta kamfanin Takata mai fashewa da ƙarfe. Sannan ki je da bakanikenki, ba na dila ba, ya sa mata kwamfuta, ku rubuta a gaban shaidu biyu cewa in inji ko giya ya nuna matsala cikin kwanakin da kuka yanke, mota ta koma kuɗi ya dawo.