Tambayoyin Masu Karatu: Me Ya Sa Na Tsinci Kaina Ni Kaɗai a Signal?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da atamfa da turaren wuta a Garwa. Ɗan ƙanena ya saka mini Signal a waya, ya ce ta fi WhatsApp rufin asiri. Na gayyaci abokan cinikina, amma har yau shiru kake ji. In da gaske ta fi kyau, me ya hana mutane zuwa? (Wata mai karatu, Garwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ɗanki ya faɗi gaskiya, Signal ba ta tara bayanan mutum kamar yadda kamfanin Meta mai WhatsApp ke yi. Sai dai kyan rumfa ba shi ke sa kasuwa ta ci ba. Mai turo miki kaya daga Kano yana WhatsApp. Direban da ke tsallako da su ta Mubi yana can, haka matan da kuke adashi tare. Kowannensu jira yake sauran su fara tashi, don haka ba wanda ya motsa.

An taɓa gwadawa. A Janairun 2021 WhatsApp ya sanar da sauya ƙa'idojinsa, miliyoyin mutane suka sauke Signal da Telegram cikin fushi, da hankali ya kwanta aka ci gaba da hira a tsohon wuri. Google ma, da duk dukiyarsa, ya buɗe Google+ a 2011 don ya kara da Facebook, ya rufe shi a 2019. Threads kuwa, dandalin da Meta mai Instagram ya buɗe, ya tara mutum miliyan 100 cikin kwana biyar a Yulin 2023, don kawai an bar kowa ya shiga da asusunsa na Instagram, ya tarar da mutanensa a ciki.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne na maƙwabtanmu. Daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a Chadi, wata 16 cur. Ai da ka ce lokacin ne wata sabuwar kafa za ta samu shiga. Ina! Masu hali a Injamena suka riƙa bi ta VPN, wato manhajar da ke zagaye toshewar, data na ƙonewa, don dai su isa inda 'yan uwansu suke.

Ga kuma namu na nan gida. Wayoyinmu da yawa ƙanana ne, hotunan biki sun riga sun cika su. Datar MTN ko Orange da sefa ake saye. Dattijuwar da jikanta ya sha wahala kafin ta iya danna maɓallin tura murya, wa zai sake zaunar da ita?

Shawarata, Hajiya, kada ki goge Signal. Ki bar tallan atamfa a WhatsApp inda masu saye suke. Maganar kuɗi da lissafin bashi kuma, ki zaɓi mutum biyu ko uku da kuka fi hulɗa, ki ce da su daga yau can za ku riƙa yi. Ɗan naki ya je ya saka musu da hannunsa, tunda shi ya kawo maganar.