Ɗan kwangila ya tsayar da ginina a Kubwa, wai sai na ƙara miliyan 6

Tambaya: Barista, assalamu alaikum. Na ba wani ɗan kwangila ginin gida mai ɗaki uku a Kubwa a kan naira miliyan 21 a jimlace, har ya miƙo min mukulli. Mun sa hannu a takarda mai shafi biyu, da zanen gini a manne. Na biya miliyan 17. Ana cikin aiki na ce a ƙara ɗakin mai gadi a bakin get, uwargida kuma ta sa aka mayar da ƙofar kicin ɗaya gefen, aka canza tayil ɗin falo. Duk a WhatsApp muka yi maganar, bai taɓa ce min kuɗi zai ƙaru ba. Yanzu ya janye ma'aikata, wai sai na ƙara miliyan 6, har da tashin farashin siminti da kuɗin sokawe, wato ramin ruwan bayi. Ni a sanina jimla jimla ce. Ina so in kai shi wurin 'yan sanda, in kuma riƙe injin kwaɓa siminti da ya bari a filin. Ina da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban ga takardarku ba, don haka duk abin da zan faɗa a kan bayaninka na gina shi, kuma layi ɗaya a cikin takardar zai iya sauya shi.

Jimla jimla ce, haka ne, amma jimlar me? Miliyan 21 ɗin farashin aikin da ke cikin zanen nan ne da kuka manna, a ranar da kuka sa hannu. Ba farashin duk abin da zai zo maka a rai kafin a miƙa mukulli ba ne. Ɗakin mai gadi ba ya cikin zanen. Kai ka nema, an gina maka kana kallo, yana nan tsaye a filinka. Da wuya kotu ta ce kyauta aka yi maka. Ko da ba ku tsayar da farashi ba, ƙa'idar da aka saba bi ita ce wanda ya sa aka yi masa aiki, ya kuma karɓa, zai biya abin da aikin ya cancanta bisa farashin lokacin. Shirun da ɗan kwangilar ya yi sakaci ne, kuma ni ma ban ji daɗinsa ba, domin mai sana'ar da ya san aikinsa yakan ce "Alhaji, wannan zai ci kaza" kafin a aza bulo ɗaya. Amma sakacinsa bai shafe bashin ba, ya dai rage masa ƙarfin yanka farashi yadda ya ga dama.

Maganar uwargida ta fi sarƙaƙiya. Sunanta ba ya cikin yarjejeniyar, saboda haka za ka iya cewa ba ta da hurumin ba da umarni. Sai dai idan ka san an rushe ƙofar an sake ta, ka zo ka gani ba ka ce uffan ba, balle a ce ka tura saƙon "ya yi kyau", to akwai yiwuwar a ɗauka da yawunka ta yi magana. Ka koma ka karanta saƙonnin nan da idon abokin hamayya. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da irin wannan saƙo a kotu idan an cika sharuɗɗansa, kuma wuƙa ce mai kaifi biyu. Kada ka goge komai.

Akwai abu ɗaya da zai iya taimakonka: idan takardar ta ce duk wani sauyi sai an rubuta an sa hannu. Ko da akwai wannan sharaɗi, kada ka saki jiki, don ana iya cewa kai da kanka ka yi watsi da shi ranar da ka ba da umarni ta waya.

Yanzu ɓangarensa. Tashin farashin siminti, a mafi yawan lokuta, ba matsalarka ba ce. Wanda ya karɓi aiki a jimlace ya ɗauki kasadar kasuwa, sai fa in an rubuta cewa za a daidaita kuɗi idan kaya suka tashi. Da siminti ya sauka a kasuwar Dei-Dei, ai ba zai dawo maka da canji ba. Iyakar inda zai iya samun kafa shi ne idan sauye-sauyenka ko jinkirin biyanka ne suka ja aikin har tsadar ta riske shi. Sokawe kuwa, a duba zanen. In yana ciki, magana ta ƙare. In ba ya ciki amma takardar ta ce gida kammalalle na shiga, ina ganin hujjarka ta fi tasa ƙarfi, don ban san gidan da ake miƙa mukullinsa babu inda ruwan bayi zai tafi ba. Haka nan janye ma'aikata: ba kowace taƙaddamar kuɗi ce ke ba ɗan kwangila ikon ajiye aiki ba. Idan ka biya kowane mataki a kan kari, mai yiwuwa shi ne ya saɓa yarjejeniya. Cusa duk waɗannan a buhu ɗaya a kira shi miliyan 6, ba tare da lissafi dalla-dalla ba, ba tsari ba ne.

Batun 'yan sanda, ka bar shi. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma sashe na 8(2) na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya faɗi haka. In aka tsare shi da bakinka, zai iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi ya haɗa da kai, ka tashi daga mai neman haƙƙi ka koma mai biyan diyya. Injin ma kada ka riƙe. Ba jingina aka ba ka ba, kuma sau da yawa hayarsa ake ɗaukowa, sai ka wayi gari da rigima da mutum na uku.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ku samo ƙwararren mai ƙididdigar kuɗin gini mai rajista, wanda ku biyun kuka amince da shi, ku raba kuɗinsa. Ya je filin da tef, ya auna aikin asali da aka kammala, ya fitar da kuɗin ɗakin mai gadi da na ƙofa daban, da bambancin tsohon tayil da sabo. Bambancin kawai, domin kuɗin tsohon yana cikin miliyan 21. Kada ka kawo wani magini ya ci gaba kafin a yi wannan awo a ɗauki hotuna, in ba haka ba shaidar ta bi siminti. Lauyanka zai rubuta wa ɗan kwangilar wasiƙa ya nemi lissafi, ya ba shi wa'adin komawa aiki, kamar yadda aka saba.

Idan kun kasa daidaitawa, akwai cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Birnin Tarayya, wadda aka buɗe a 2003. Ana iya zuwa kai tsaye ba tare da an shigar da ƙara ba, kuma abin da kuka cimma, idan alƙali ya sa masa hannu, ya zama hukunci. Ka duba kuma ko takardarku ta tanadi a kai saɓani gaban mai raba gardama, domin a ƙarƙashin dokar sasanci ta 2023 kotu kan mayar da mutane can. Ƙofar kotu a buɗe take, galibi har shekara 6 a ƙarar yarjejeniya, amma ka yi tunanin damina nawa ginin zai sha babu mai kula da shi kafin a yanke hukunci.

Duk abin da kuka daidaita a kai, a rubuta shi: sauran aiki ɗaya bayan ɗaya, kuɗinsa, ranar gamawa, da sharaɗin cewa babu wani sauyi sai da sa hannunka da farashi a gefe. Wannan ya haɗa da na uwargida.

Sai abin da ba ka tambaya ba. Ɗakin mai gadin nan, yana cikin zanen da hukumar kula da tsarin gine-gine ta Abuja ta amince da shi? In ba ya ciki, ka sa mai zanenka ya je ya daidaita takardun tun kafin a zo a shafa maka jan fenti a katanga.