Hawan Dutsen Everest Bayan Shekara 60

Malam, ka tambaya ko mutumin da ya haura shekara 60 zai iya hawan manyan duwatsun duniya. An yi, amma waɗanda suka yi ba da rana tsaka suka fara ba. Yuichiro Miura, ɗan ƙasar Japan, ya kai ƙololuwar Everest mai tsayin mita 8,849 a watan Mayun 2013 yana da shekara 80, bayan ya riga ya hau shi yana da 70 da kuma 75, kuma duk da haka jirgi mai saukar ungulu ne ya ƙarasa saukowa da shi saboda ƙarfinsa ya ƙare. Shi kuwa Min Bahadur Sherchan na ƙasar Nefal, da ya je hawan Everest ɗin, a sansanin gindin dutsen ya rasu a 2017 yana da shekara 85.

Babbar wahalar ta numfashi ce, domin a ƙololuwar iskar oksijin da huhu ke samu ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na wadda yake samu a bakin teku ba, har mutum ya tsaya yana haki bayan kowane taku, yatsunsa sun sandare. A ganina, ka fara da ganin likitan zuciya, sannan ka gwada Kilimanjaro na Tanzaniya mai mita 5,895, wanda ake hawa da ƙafa, kana ƙara kwanaki a hanya don jiki ya saba da tsayin.