Ƙanena zai amsa laifi a Amurka, an ce ya yafe ɗaukaka ƙara

Tambaya: Barista, ƙanena yana tsare a Niyok, kotun tarayya na tuhumarsa da damfara. Masu gabatar da ƙara sun ce idan ya amsa laifi ɗaya za su janye sauran, amma sai ya sa hannu cewa ba zai ɗaukaka ƙara ba. Katin zama (izinin zama na dindindin a Amurka) gare shi, bai zama ɗan ƙasa ba. Ya sa hannu?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kawo mafita. Kada ya sa hannu tukuna. Ba don tayin baƙon abu ne ba: a kotunan tarayyar Amurka, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi amsawa suke yi, kuma kotuna suna aiki da wannan sharaɗi idan mutum ya karɓe shi da saninsa, ba tilas. Abin da ke damuna shi ne lokacin sa hannun. Ana yin sa ne kafin alƙali ya yanke hukunci, wato ƙanenki zai yafe kuskuren da ba a riga an yi ba. A yawancin yarjejeniyoyin nan, shekarun da mai gabatar da ƙara ya ambata shawara ce kawai. Alƙali na iya zarce su, kuma wannan ba ya ba mutum damar janye amsarsa.

Saboda haka lauyansa ya yi ciniki a kan faɗin sharaɗin. A rubuta cewa idan ɗaurin ya wuce watanni kaza, haƙƙin ɗaukaka ƙara yana nan. Idan kuma akwai ƙorafi kan yadda aka yi bincike ko aka ɗauki jawabinsa, ana iya amsa laifi tare da keɓe wannan batu don kotun gaba, sai dai hakan na buƙatar yardar gwamnati da ta alƙali, a rubuce.

Ko ya sa hannu, ba duk ƙofofi ke rufewa ba. Kotuna ba sa riƙe mutum da sharaɗin idan bai fahimci abin da ya yarda da shi ba, ko hukuncin ya haura iyakar da doka ta ƙayyade wa laifin, ko an hukunta shi don launin fatarsa, ko gwamnati ta saɓa alkawarinta. Doka ta 11 ta ƙa'idojin shari'ar laifuka ta wajabta wa alƙali ya bayyana masa sharaɗin a bainar kotu. A nan ne mutanenmu ke cutuwa: kunya da kwarjinin kotu su sa mutum ya ce ya gane alhali bai gane ba, kuma da wannan amsar za a kafa masa hujja gobe. Idan Turancinsa bai kai ba, ya nemi tafinta, haƙƙinsa ne.

Maganar katin zama ta fi komai nauyi a wurina. Damfarar da asararta ta haura dala 10,000 tana cikin manyan laifukan da kusan babu makawa sai an tasa ƙeyar mutum zuwa ƙasarsa bayan ya gama zaman gidan yari. A shari'ar Padilla ta 2010, Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne lauya ya faɗa wa wanda yake karewa haɗarin kora kafin ya amsa laifi. Ku nemi lauyan shige da fice ya karanta takardar, musamman laifin da za a amsa da adadin asarar da aka rubuta.

Idan an yanke hukunci, kwana 14 kacal gare shi daga ranar da aka shigar da hukuncin ya ba da sanarwar ɗaukaka ƙara. A shari'ar Garza ta 2019, Kotun Ƙoli ta ce lauyan da aka umarta ya shigar da sanarwar bai yi ba ya gaza, ko da akwai wannan sharaɗi. Ƙanenki ya ba da umarnin a rubuce, ya ajiye kwafi. Amma kafin a ci gaba da ƙarar su auna da lauyansa, domin gwamnati na iya cewa ya karya yarjejeniya ta nemi dawo da tuhumomin da ta janye.