Ana awon hawan jini kyauta amma 'yan unguwarmu sun ƙi fitowa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ina neman shawara. Ma'aikatan ƙaramin asibitin unguwarmu suna zuwa ƙofar gidan mai unguwa suna awon hawan jini da suga kyauta amma wallahi ba a fitowa, maza su ce suna kasuwa, wasu kuma su ce gara kar su sani. Ni kuma shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifiyata shekara biyu kenan, sai ranar muka san tana da hawan jini. Ya zan yi in jawo mutane?
Wata 'yar uwa daga Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Mama lafiya ya sa kaffara ne. Gaskiya ni shawarata ku daina jiran mutane su zo wurin awo, ku kai musu awon inda suke. Mata suna Islamiyya, suna wajen adashi da gidan suna, maza suna majalisa da masallacin Juma'a. Ki samu malamarku ta Islamiyya ta ware rabin awa bayan karatu, sannan a roƙi liman ya yi sanarwa, don maganar liman ta fi fosta shiga kunne nesa ba kusa ba. Yawancin ƙananan asibitocin nan akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ke aiki da su, ki nemi matan da ke ciki ku haɗa kai.

Masu cewa gara kar su sani kuma, ki ba su labarin Mama in za ki iya, domin hawan jini sau da yawa ba ya nuna wata alama, mutum na ta harkarsa alhali ciwon yana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Inda ake yawan yin sakaci shi ne bayan awon. Wanda aka samu nasa ya kai 140/90 ko ya wuce a rubuta sunansa, a sake gwada shi wata rana daban, in ya tabbata a samu wanda zai raka shi asibiti kuma ya riƙa tuna masa kar ya ajiye magani don kawai ya ga ya ji sauƙi. Tunda tukunya a hannunku take, ki gaya wa mata Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar gishirin mutum ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya kenan, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Ranar 17 ga Mayu ce ranar hawan jini ta duniya, ku sa ta a ranar fitowarku ta farko in kun ga dama, ki rubuto min yadda aka yi.