Tambaya da Amsa: Ƙarfen da ke ƙirjin soja, na jarumta ne ko na iya harbi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗan yayata yana aikin soja a Amurka, ya aiko mana da hotonsa cikin kayan fareti. A murfin aljihunsa na hagu akwai wani farin ƙarfe mai siffar kuros, da zanen allon harbi a tsakiyarsa, sannan wani ɗan ƙarfe yana reto a ƙasa an rubuta RIFLE. Gida ya rabu biyu. Wasu na cewa lambar yaƙi ce, an kai shi fagen daga ya ɓoye mana. Wasu kuma siffar kuros ɗin ce ta dame su. Don Allah mene ne wannan abu? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar wa yayarki da hankali. Wannan ƙarfen bai ce an je yaƙi ba, bai kuma ce ba a je ba. Shaida ce cewa yaron ya ci jarrabawar harbi a filin atisaye, kuma daga yadda kika kwatanta shi, matakin tsakiya ya samu.

Sojan ƙasa na Amurka matakai uku suke da su. Na ƙasa kuros ne tsurarsa. Na tsakiya an ɗora masa allon harbi a ciki, shi ne na ɗanku. Na ƙoli kuma, ban da allon, an kewaye shi da zanen rassan ganye. Ɗan ƙarfen da ke reto shi ke faɗin makamin da aka yi jarrabawar da shi: doguwar bindiga, ko fistol, ko bindiga mai jigida, ko gurneti. Soja ɗaya yana iya zama ƙwararre a wani makamin, ya zama na ƙasa a wani.

Ga yadda jarrabawar doguwar bindiga take. Ana ba soja harsasai 40, a kuma ɗago masa alluna 40 masu siffar mutum, mafi kusa a nisan mita 50, mafi nisa a mita 300. Allo zai ɗago na 'yan daƙiƙu ya koma, wani lokaci biyu ko uku su tashi tare. Yana harbi a kwance, a durƙushe da kuma a tsaye, yana canja kwanson harsasai da kansa ba tare da an tsayar masa da agogo ba. Wanda ya sami 23 zuwa 29 ya tsira da matakin ƙasa, 30 zuwa 35 na tsakiya, 36 zuwa 40 na ƙoli. Wanda ya gaza 23 ya faɗi, sai ya koma horo ya sake.

Ki lura da lissafin nan: mutum na iya kuskure allo 17 cikin 40, duk da haka ya rataya ƙarfe a ƙirji. Shi ya sa a bariki babu mai taƙama da matakin ƙasa, domin kusan duk wanda ya gama horon kurtu yana da shi. Daga 30 zuwa sama ne ake fara cewa mutum ya iya riƙe numfashi da latsa kunama ba tare da bakin bindiga ya motsa ba. Kuma ba gadon gida ba ne. Ana sake jarrabawar a kai a kai, in hannu ya yi sanyi a zagaye na gaba sai a sauko da mutum, ya cire wancan ya sa wanda ya dace da sabon makinsa.

Lambobin da suka shafi fagen daga daban suke, kuma sama da aljihu ake sa su. Akwai jerin ƙananan ƙyallaye masu launi-launi, sannan ga sojan ƙafa da ya yi ba-ta-kashi da abokan gaba akwai wata shuɗiyar lamba mai tsawo, da hoton tsohuwar bindiga cikin rassan ganye, wadda aka fito da ita a 1943. In kina son sanin inda yaro ya je, can za ki duba. Batun kuros kuwa, siffa ce da sojojin Turai suka daɗe suna ƙera lambobinsu da ita, asalinta na da alaƙa da addininsu, amma a nan kowane soja ake ba, Musulmi ko Kirista ko wanda ba ya bin kowane addini, kuma maki kaɗai take nunawa.

Al'adar ba ta Amurkawa kaɗai ba ce. Ingila ta buɗe makarantar koyon harbi a garin Hythe tun 1853, amma yaƙin da ta yi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902 ne ya farkar da ita, don manoman nan da suka tashi da farauta sun riƙa kakkaɓe sojojinta daga nesa. Bayan nan aka tsananta horo. Cikin jarrabawar har da harba harsasai 15 cikin minti ɗaya a allo mai nisan yadi 300, da bindigar Lee-Enfield wadda sai ka ja ƙarfenta da hannu bayan kowane harbi, irin wadda 'yan sandanmu na da suka sha ratayawa. Gwanin harbi ana ɗinka masa hoton bindigogi biyu a gicciye a hannun riga, iya harbi kuma yana cikin abin da ke ƙara wa soja kuɗi. A ganina wannan ƙarin ya fi ɗinkin tasiri. Jamusawa su kuma igiya ce saƙaƙƙiya mai ruwan azurfa, daga kafaɗar dama zuwa ƙirji, mai daraja uku: tagulla, azurfa da zinariya. Ƙananan sojoji da su kofur da saje ke sa ta, hafsoshi ba sa sawa.

Harbin igwa da na tankar yaƙi wani fage ne dabam, domin can ba gwanintar mutum ɗaya ake aunawa ba. Tankar Abrams ta Amurka mutum huɗu ke cikinta: kwamanda, mai saiti, mai ɗura harsashi da direba. Ana gwada su a zagaye 10, wasu da rana wasu da dare, a kan maki 1,000. Sai sun ci aƙalla zagaye 7 da maki 700 kafin a ce sun haye; 800 daraja ce ta gaba, 900 ta ƙoli. Mai saiti komai kaifin idonsa, in mai ɗuri ya yi nawa ko direba ya taka burki ba kan ƙa'ida ba, makin kowa ya zube. A 2019 sojan ƙasa na Amurka suka amince da wata lamba ta musamman ga malaman harbin manyan makamai, wato sajojin da suka yi kwas mai wuya suka dawo suna tsara horon rundunarsu.

Nan gida ma ana auna sojoji a filin harbi shekara-shekara, tsarin da aka gada daga Ingila. Kurtu galibi a Defo ɗin Zariya yake fara riƙe bindiga, sojan ƙafa ya ƙaro ilimi a Jaji, na igwa a Kachiya, na tanka a Bauchi.

Kada kuma a ɗauka mai wannan ƙarfen ya zama maharbin ɓoye irin na fim. Wancan kwas ne mai zaman kansa, inda ake koyon ɓuya, ƙiyasin nisa da karanta iska, kuma samun matakin ƙoli a jarrabawar nan sharaɗi ne kawai na neman shiga. Ɗanku da ke tsakanin 30 da 35, sai ya kai 36 tukuna.