Tambaya da Amsa: Muryar opera a kan kiɗan disko

Tambaya: Salamu alaikum Yaya, ni DJ ne ina kiɗa wajen awure da suna a nan Zango. Abokina ya turo min wata waƙa a WhatsApp, mace ce take jan murya sama kamar ba za ta numfasa ba amma a ƙasa kiɗan disko ne dum dum dum, ya ce sunan album ɗin Harem. Wane irin kiɗa ne wannan, kuma zan iya haɗa irinsa a laftof ɗina? Daga ƙaninka a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Sarah Brightman ce, 'yar Ingila, album ɗin ya fito a 2003, wani Bajamushe Frank Peterson ne furodusa, har mawaƙin Iraƙi Kazim al-Sahir yana ciki shi ya sa za ka ji ƙamshin kiɗan Larabawa. Jan muryar nan salon opera ne, wato wasan kwaikwayo da ake yin shi da waƙa, ya faro a Italiya wajen 1600 lokacin babu makirfo, dole mawaƙi ya horar da murya har ta danne taron makaɗa ta kai kujerar ƙarshe. Ɗaya daga waƙoƙin ma daga Madama Butterfly, wasan opera na 1904 na Puccini, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, aka ɗauko karinta. Kuma ba ita ta fara ba, tun 1984 wani ɗan Ingila Malcolm McLaren ya ɗora wannan wasan a kan kiɗan na'ura.

To batun haɗawa, za ka iya, amma ga inda gizo ke saƙa. A opera mawaƙiya tana da 'yancin jan kalma yadda ta so, ta rage gudu ta tsaya a kan murya ɗaya mai jagoran makaɗa yana kallonta yana jira sai ta sauko. Ita kuwa na'ura ba ta jiran kowa, in ka sa bugu 125 a minti haka za ta yi ta tafiya ko mawaƙiya ta iso ko ba ta iso ba. Sai ka yanka muryar gunduwa gunduwa kana miƙa ta a kwamfuta, in ka miƙa da yawa kuma ta koma rawa kamar kaset da ya sha rana. Dabarar da na fi so ita ce ka cire ganga gaba ɗaya daidai inda ta hau sama, ka bar muryar ita kaɗai, tana saukowa ka sako bes.

Ka kiyaye hakkin mallaka fa. Puccini ya mutu tun 1924 karinsa ya zama na kowa, amma muryar da aka ɗauka a sutudiyo tana da masu ita, kar ka ciro ta daga YouTube ka manna. Kumasi cike take da mawaƙan kwaya (masu rera waƙa a rukuni) masu murya, nemi ɗaya ka biya ta ka sa mata hedfon tana jin bugun tana bi, aikin yankan ya ragu sosai.

Amma gaskiya ban ga hajiyoyin Aboabo suna tashi rawa da shi ba, sa shi lokacin shigowar amarya, in an zo liƙi ka koma abin da suka sani.